Fararen Ɓeraye a Haɗeja

Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba makiyayan fadamar Haɗeja suka fara kuka da tumakinsu. Daga Kirikasamma har gefen Baturiya maganar ɗaya ce: rago ya hau tunkiya, a zauna jiran ciki, shiru kake ji. 'Yan tumakin da ko barbara ba su isa ba sai a ga hantsarsu ta ciko, har wani ruwa-ruwa na ɗiga. Wani makiyayi ya rantse a tsakiyar kasuwa cewa ragon da yake kiwo don layya ya fito da nono. Aka yi ta dariya, amma masu tumaki ba su yi ba.

Da kukan ya kai wurin binciken lafiyar dabbobi a Zariya, sai aka turo Shu'ibu, ɗaya daga cikin masu binciken wurin, don shi ɗan garin ne, kuma abin ya yi kama da aikin da ya koyo a Turai. A can ya yi shekaru yana bin sawun wani sinadari da jikin mace ke yi, wanda ake kira istirojin. Shi ke sa mahaifa ta girma, shi ke tayar da nono. Abin da ya ɗaure wa masana kai a lokacin shi ne yadda sinadarin ke yawo cikin jini ko'ina, amma sai a mahaifa da hantsa yake tsayawa ya yi aiki. Daga baya aka gano akwai wata 'yar makama a cikin tsokar wuraren nan da ke cafke shi, kamar yadda kwaɗo ke karɓar makullinsa. Kafin Shu'ibu ya baro Turai kuma an fara raɗe-raɗin cewa akwai wasu abubuwa, a ciyawa ko a magungunan ƙwari, da ke shiga kwaɗon nan su buɗe shi alhali ba makullinsa ba ne.

A Turai yana da na'urori cike da ɗaki. A Haɗeja abin da ya samu shi ne tsohon ɗakin ajiyar fatu mai warin gishiri da kitse, da firji mai aiki da kananzir, da ɗan sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, da akwatin fararen ɓeraye da ya riƙo a cinya tun daga Zariya har tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori.

Dabarar ba ta da wuya a faɗa. 'Yar ɓerar da ba ta balaga ba, mahaifarta siririya ce kamar zare. Sai a ba ta abin da ake zargi na 'yan kwanaki, a yanka ta, a ciro mahaifar a auna. In ta kumbura ta yi nauyi, to akwai makullin jabu a cikin abin. Wuyar tana wajen raya ɓerayen. Zafi ya kashe wasu, kyanwar maƙwabta ta ɓalle ragar taga ta ɗauke wasu, kwarkwasa suka hau teburin sai da aka tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen kananzir. Shu'ibu ya zama ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana cikin cin tuwo sai ya miƙe ya hau keke ya je ya leƙa ko firjin ya mutu. Ya dawo, tuwon ya huce, ya ci loma biyu, ya tuna bai jiƙa buhun da ya rataya a taga don sanyi ba, ya sake fita.

A gidan wansa Tukur ya sauka. Tun rasuwar mahaifinsu Tukur ne babba, shi ya sayar da bijimai aka yi wa Shu'ibu kayan makaranta. Yanzu shi ne helima na leburorin da ke feshin maganin tsando a kurmin bakin kogi, kuma ya daɗe a aikin. Da can mutum ne da in ruwa ya kawo yakan tuɓe ya haye kogin da iyo yana ɗauke da kayansa a ka, don kawai a gani. Shu'ibu ya tarar da shi ya yi shiru-shiru, yana sa babbar riga a kan taguwa ko da rana ta take, amma ya ɗauka girma ne ya zo.

Matar Tukur ce ta buɗe masa ido. Yakaka 'yar Birniwa ce, mai baki, kuma akwai wasa tsakaninta da ƙanin mijinta. Wata rana da hantsi ya shigo neman man gyaɗa, ya same ta tana jera kifi a kan asabari.

"Likitan ɓeraye," in ji ta, "yau kuma mai za su sha? Gobe sai ka ce a dama musu fura."

Ya yi dariya ya miƙa mata kwalba. Ta karɓa, amma ba ta tashi ba. Ta dubi ƙofar zaure, ta rage murya.

"Kai da kake ta duban tumakin mutane, ka dubi yayanka da kyau tun da ka zo?"

"Me ya same shi?"

"Tun bara yake naɗe ƙirjinsa da tsohon rawani. Shi ke wanke abinsa da kansa, mutumin da ko hula bai taɓa wankewa ba. Ya daina zuwa kogi. Kwanan baya 'yarsa ta faɗa masa a ƙirji da wasa, ya yi wata ƙara ya ture ta, sannan ya zauna yana ba ta haƙuri. Ya zaci ban gani ba." Ta juya wani kifi da bai bukaci juyi ba. "Abin da ake faɗa a kan ragon nan na kasuwa, shi ne. Don Allah kada ka ce daga bakina ka ji."

Shu'ibu ya fita da kwalbar babu mai a ciki, sai da ya kai ɗakin gwaji ya lura.

Daga ranar ya shiga satar kallon wansa: yadda yake sunkuyawa alwala yana dafe da gaban riga, yadda yake haɗa hannu a ƙirji in ana hira. Sau da yawa ya so ya tambaye shi, ya fasa. Ta ina ƙane zai fara yi wa wansa irin wannan tambaya?

Sai ya ce yana son ya bi su fadama ya ɗebo ciyawa. Tukur ya ce ya zo. Suka tafi a bayan motar aikin har inda hanya ta ƙare, suka shiga kwalekwale, suka sauka a wani kurmi kusa da Baturiya. Nan Shu'ibu ya ga yadda ake aikin. A farke buhun farin gari, a juye a duro, a zuba ruwa, mutum ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa yana damawa. Garin na tashi ya sauka a gemu da gira. Masu feshi su goya tankuna, ruwan na tsiyaya a gadon bayansu, su bi gindin itatuwa suna fesawa. Da rana ta yi tsaka suka ɗauraye hannu sama-sama a kogi suka zauna cin ƙuli-ƙuli da rogo. Damun kuwa Tukur ba ya bar wa kowa, wai sauran ba sa murje gudajin da kyau.

"Yaya," in ji Shu'ibu da suka keɓe a inuwar wata giginya, "ina son ka ɗan ɗebar mini garin nan."

"Ka yi me da shi?"

"In gwada a kan ɓeraye."

Tukur ya dube shi. "Ka manta shekarar da tsando ya sa sammore ya shiga garken mahaifinmu? Kai kana makaranta, ni na ja gawarwakin da igiya. Fadamar nan da kake gani cike da shanu, da can ko jaki ba ya kwana a cikinta. Garin nan ne ya kori tsando. Yanzu ka zo daga Turai da ɓera a akwati za ka ce shi ne mugu?"

"Ban ce ba, Yaya. So nake in sani."

"Kayan gwamnati ne, ba na bayarwa. Ka ɗebi ciyawarka."

Bai sake roƙo ba. A hanyar komawa suka ratsa wata ruga, ya ga an yanke tsohon duron feshi biyu an mai da shi kwamin shayar da tumaki, farin garin ya daskare a gindinsa. Ya nemi izinin mai rugar ya kankaro abin da ya samu. Ya kuma lura da dusar da ake ba tumakin. Ambaliyar bara ta shiga rumbuna, dawa ta jiƙe, dusar ta yi fumfuna ja-ja tana warin ɗanyen ƙasa. Ita ma ya ƙunsa.

Ya raba 'yan ɓerayensa kashi-kashi. Wasu ya ba su ciyawar fadama, wasu harawa, wasu dusar, wasu ya narka farin garin a man gyaɗa ya yi musu allura, wasu kuma man kawai, don ya sami abin kwatantawa. Kwanakin jiran nan bai san me ya ci ba. Ya je masallaci ya kasa tuna raka'ar da ake. Rabin zuciyarsa na son garin ya fito da laifi, don ya sami abin da zai ce wa wansa, rabi kuma na addu'ar kada ya fito.

Ranar yanka ya fara da safe, kafin zafi ya sa hannu gumi. Na man gyaɗa, zare. Na ciyawa da na harawa, zare. Da ya buɗe ta farko cikin na farin gari sai ya ajiye hantsakin ya goge tabarau. Mahaifar ta yi kauri, ta yi ja, ta cika da ruwa. Ya buɗe ta biyu, haka. Ya zagaya ɗakin, ya dawo, ya ɗauko na dusa yana cewa a ransa bari ya gama da su ya huta. Nasu ya fi na garin kumbura.

Ya zauna a kan akwati. Makullan jabu biyu ke nan a ruga ɗaya, kuma bai san wanne ya hana tumakin ciki ba. Garin ma da yawa ya ɗura wa ɓerayen, fiye da abin da tunkiya za ta lasa a kwami. Ya sake gwajin da ragowar 'yan ɓerayen, ya sami abu ɗaya. Ya gaya wa ma'aikacin dabbobi na garin a faɗa wa makiyaya su daina ba da dusa mai fumfuna, su kuma daina shayarwa a duron feshi. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya zama wai ƙanin helima ya gano maganin tsando na mai da namiji mace.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Shu'ibu na wanke kwalabe sai ya ji an turo ƙofa. Tukur ne, da rigarsa ta Juma'a. Bai taɓa taka ɗakin ba. Ya mai da ƙofar ya sa sakata.

"Leburorina biyu sun ƙi fita aiki jiya," ya ce. "Abin da ka zo yi mini ke nan?"

"Ba haka na faɗa ba, Yaya. Zo ka gani."

Ya ɗauko ƙananan kwalabe biyu daga firji ya ɗaga su a hasken taga, ɗaya da zare a ciki, ɗaya da abu mai kauri. Ya yi masa bayanin kwaɗo da makulli, ya ce namiji ma yana da irin kwaɗon a ƙirjinsa, sai dai a rufe yake zaune don makullin kaɗan ne a jininsa. Tukur ya karɓi kwalba ta biyu ya juya ta a hannu. Ya ajiye. Sai ya cire hula ya ɗora a tebur, ya tuɓe babbar riga, ya tuɓe taguwa, ya shiga warware rawanin yana kallon bango.

"To auna ni," ya ce, "yadda kake auna su."

Shu'ibu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ƙirjin da ya sani tun yana yaro, wanda yake maƙalewa a kai in za a haye da shi kogi, ya fito da nonna kamar na budurwar da ta fara tasawa, fatar duk ta yi sawun ɗauri. Ya wanke hannu ya taɓa a hankali. Tukur ya cije leɓe. Shu'ibu ba likitan mutane ba ne, amma ya san abin da zai duba. Ya sa shi ya kwanta a kan benci, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya ji hanta ta sauko ta yi tauri. Ta hagu ma saifa ta kumbura.

"Yaya, tsargiyar nan da ka yi muna yara, ta warke?"

"Wa ya taɓa warkewa da ita a bakin kogin nan? Takan tafi ta dawo. Wani lokaci har a bayan gida nake ganin jini."

Hanta ita ke share ɗan istirojin da ke jikin namiji. In tsutsar ruwan da ke kawo tsargiya ta lalata ta, sinadarin kan taru, ƙirji ya tashi, ko mutum bai taɓa ganin garin feshi ba.

"Faɗa mini," in ji Tukur yana tashi zaune. "Garin ne?"

"Yana iya zama shi. Yana iya zama hanta. Yana iya zama sun haɗu."

"Kalma ɗaya na tambaye ka."

"Ba ni da ita, Yaya. Ɓera ba mutum ba ne. Abin da na gani a cikinsa ba zan rantse a kanka da shi ba."

"Bijimai na sayar," in ji Tukur, "ka je ka yi shekaru, ka dawo ka ce mini yana iya zama." Ya ɗauki rawanin ya fara naɗawa, hannunsa ya kasa kai ƙarshen baya. Shu'ibu ya matsa ya kama masa, ya soke bakin. Ba wanda ya dubi wani.

"Akwai abin da na sani," in ji Shu'ibu daga bayansa. "Hantar nan tana son magani, ko ita ce ko ba ita ba ce. Mu je Kano. Kuma ka daina zura hannu a duron nan."

Tukur ya mai da rigunansa, ya zare sakata ya fita. Sai da aka kwana biyu Yakaka ta tare Shu'ibu a tsakar gida ta ce, ba tare da ta dube shi ba, maigidan ya ce a tambaye shi wace rana jirgin Kano ke tashi.

A asibitin Kano aka tabbatar da tsutsar, aka yi wa Tukur allurai masu sa amai da jiri, ya rame kamar ba shi ba. Da ya koma aiki sai ya sa aka sassaƙo dogayen muciyoyi, ya ce daga yau da su za a dama, wanda ya zura hannu a duro ya koma gida. Ya sa a riƙa tafiya da sabulu. Leburori suka yi ta gunaguni wai helima ya je birni ya koyo iyayi. Bai yi wa kowa bayani ba.

Shu'ibu ya aika da sakamakonsa Zariya. Maganar dusa aka karɓa hannu biyu, don tumakin da aka canza wa abinci sun fara ɗaukar ciki. Maganar gari kuwa aka ce a ƙara gwaji tukuna, kuma shi ma ya san gaskiya ce, don an daina shayarwa a duron a daidai lokacin da aka daina ba da dusar. Aka ce ya tattara ya komo.

Yana cikin ɗaure kwalabe a tsumma Tukur ya sake zuwa, wannan karon da mutum biyu a bayansa. Ɗaya Bakari ne, wani Bamange mai goyon tanki, yana sanye da riga biyu cikin wannan zafi. Ɗayan dattijo ne, Inuwa, wanda ya riga Tukur fara damun gari.

"Na daɗe da lura da Bakari," in ji Tukur. "Wanda ya ɗaure ya san wanda ya ɗaure. Inuwa kuwa na kawo shi ne don kai mai son abin kwatantawa ne."

Shu'ibu ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Bakari ƙirjinsa ya tasa, amma hantarsa lafiya lau, ba ta sauko ko kaɗan ba. Inuwa, da ya fi kowa daɗewa yana taɓa garin, ƙirjinsa a shafe kamar allo, yana ta dariya yana tambaya ko za a ba shi ɓera ɗaya ya kai wa jikokinsa.

Da suka fita Shu'ibu ya tsaya a tsakiyar ɗakin da kwalba a hannu. Sannan ya shiga kwance abin da ya ɗaure. Ya aika Zariya cewa a ƙara masa lokaci, a kuma turo masa wasu ɓerayen da ƙaramin sirinji, yana son ya gwada garin kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, yadda mutum ke samunsa a wurin aiki. Aka ba shi zuwa ƙarshen damina, daga baya ya roƙi ƙari.

Wajen kaka ƙirjin Tukur ya daina ciwo, ya sassauta, ko da yake bai koma yadda yake da ba. Yakaka ce ta fara faɗa wa Shu'ibu, a fakaice, wai kwanan nan an sami mai yawan son zuwa bakin kogi. Shu'ibu ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa, sai kuma can a kan keke abin ya faɗo masa: magani da barin damu, lokaci ɗaya ya sa wansa ya fara su. Da ɓera ne, da ɗaya zai canza ya bar ɗaya, ya ga wanne ya yi aiki. Ya faɗa wa Tukur haka da yamma suna zaune a ƙofar gida.

"Wato da ka bar ni ina damawa da hannu, da yanzu ka sani?"

"Da na kusa sani."

"To me ya hana ka?"

Tukur ya yi 'yar dariya, ta farko da ƙanin ya ji daga gare shi tun zuwansa, ya ce gobe Bakari zai biyo a duba shi, kuma akwai wani a ƙungiyar feshi ta Birniwa da aka ce shi ma ba ya tuɓe riga. Shu'ibu ya tambayi sunan mutumin da ranar da motar aikin za ta bi ta can, ya miƙe ya jawo kekensa, don sababbin ɓerayen sun fara haihuwa kuma bai raba su ba tukuna.